Wa Zai Karantar da Haziƙan Yara?

Daga wani Malamin Makaranta, Sakkwato

Babu wani aji, ko a birni ko a ƙauye, wanda za a rasa yaro guda ko biyu a cikinsa da Allah ya hore wa kaifin basira fiye da na 'yan'uwansu. Kowane malami ya san su, ku ma 'yan makaranta kun san su, don kuwa bisa benci guda ku ke zaune da su. Shi ne yaron nan da kafin malam ya ƙare rubuta lissafi a allo ya riga ya san amsa. Ita ce yarinyar nan da a kan karanta wa labari sau ɗaya tak ta maido shi daki-daki, sa'an nan ta kawo wata tambaya wadda ko mai littafin bai tuna da ita ba. Irin waɗannan su Hausawa ke kira haziƙai, ko masu fahimi, ko masu baiwa.

To, abin da mu ke so mu yi shawara a kansa yau shi ne, mene ne hakkin irin wannan yaro a kan jama'a, kuma wane ne ya cancanta a danƙa masa shi ya karantar? Maganar ta shafe mu, mu malamai, amma ta fi shafarku, domin malaman gobe a cikinku su ke zaune yanzu, ko kun sani ko ba ku sani ba.

Masu cewa a ƙyale shi

Akwai mutane masu hankali da su ke cewa ai haziƙi ba ya bukatar kowa. Su kan ce malami guda ne, aji kuwa cike ya ke maƙil, lokaci kuma kaɗan ne. In malam ya juya wajen wanda ya riga ya gane, wa zai kama hannun wanda bai gane ba? Su kan ƙara da cewa fifita wani yaro bisa wani rashin adalci ne, gama da harajin iyayensu duka aka gina makarantar. Wanda Allah ya riga ya ba, in mu kuma muka ƙara masa, ai mun ƙara wa Barno dawaki ke nan.

Wannan magana tana da nauyi, ba mu kuwa raina ta ko kaɗan. Malamin da ya yi watsi da masu nauyin fahimta ya zauna yana ta hira da haziƙai biyu, lalle ya ci amanar aji. Amma bari mu duba ma'anar adalci da kyau. A ce wani uba ya kai 'ya'yansa huɗu wurin maɗinki gab da Salla, ya ce a yanka musu riguna awo ɗaya don kada wani ya ce an fifita wani. Ran Salla ƙaramin yana jan tasa a ƙasa, babban kuwa tasa ta matse shi har ba ya iya ɗaga hannu. Wannan uba ya daidaita su, amma ya yi musu adalci? Ko kusa. Adalci shi ne kowa ya sami abin da ya yi daidai da shi. Yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba, ga shi kuwa kowanne da aikinsa.

Sa'an nan ba gaskiya ba ne cewa haziƙi in an ƙyale shi zai kai kansa. Mu da mu ke tsaye gaban aji kullum mun ga abin da ya kan same shi. In yaro ya shekara shida ana ba shi aikin da ya ke gamawa tun 'yan'uwansa ba su fere fensir ba, abin da ya ke koya a wannan zama shi ne lalaci. Ya kan ɗauka cewa ilmi abu ne da a ke samu ba da gumi ba, har ran da zai gamu da abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya rasa yadda a ke dagewa, don bai taɓa koyo ba. Wani kuwa zaman banza ya kan mai da shi ɗan tsokana, a yi ta bulalarsa a kan rashin ji, alhali kuwa ƙwaƙwalwarsa ce ta ke jin yunwa. Wani kuma, tun ba yarinya ba, sai ya ɓoye abin da ya sani don kada 'yan'uwa su ce yana da iyayi, a hankali har abin ya dushe.

Wata malama a ƙasar Amurka, Leta Hollingworth, wadda ta karantar a Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolambiya a birnin Niyok, ta ƙare yawancin kwanakinta tana lura da irin waɗannan yara, har ta wallafa littafi a kansu a 1926. Abin da ta gano shi ne, yaro mai kaifin basira ƙwarai ya kan ɓata rabin lokacinsa a aji, ko ma fiye, yana jiran abin da ya riga ya sani, kuma sau da yawa kaɗaici ya kan dame shi, don sa'o'insa ba su gane maganarsa, manya kuwa suna ganinsa yaro. Ashe baiwa ma kaya ce, tana kuwa bukatar mai taya ɗauka.

Masu cewa a ware shi

Waɗansu kuma su ka ce, to, tun da haka ne, a yi jarrabawa, a tsince haziƙan, a kai su makaranta tasu dabam. Gwamnatin Nijeriya ta bi wani yanki na wannan shawara. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya sa haziƙai cikin yaran da ke bukatar kulawa ta musamman, tare da makafi da kurame. A 1986, sa'ad da Farfesa Jibril Aminu ya ke Ministan Ilmi, aka fito da tsari na musamman dominsu, makarantar haziƙai ta Suleja kuwa ta fara karɓar yara a 1990. Kafin wannan, Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, inda a ke zaɓen yara ta hanyar jarrabawa, kuma kowa ya san yawan likitoci da injiniyoyin da su ka fito daga can. Daga baya Jihar Jigawa ta gina tata makarantar haziƙai a Bamaina, zamanin Gwamna Sule Lamiɗo.

Wannan hanya ta yi amfani, amma tana da ramuka biyu waɗanda ya kamata ku sani. Na fari, jarrabawa ba ta gani sai wanda ya zo gabanta, shi ɗin ma ba kullum ta ke gane shi ba. A 1921 wani malamin jami'a a Kalifoniya, Lewis Terman, ya auna basirar yara masu yawan gaske, ya zaɓi wajen 1,500 waɗanda su ka fi kowa maki, aka yi ta bin labarinsu har su ka tsufa. Da yawansu sun yi zaman kirki, sun sami aikin yi mai kyau, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya ci kyautar Nobel. A cikin yaran da aka auna aka ce ba su kai ba kuwa akwai biyu, William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda su ka ci wannan kyauta, na farko a 1956, na biyu a 1968. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In haka ta faru inda yara duka ke makaranta, ina ga ƙasarmu? Yaron da ke bin shanu a dajin Gundumi, da almajirin da ya haddace izu sittin bai taɓa riƙe fensir ba, da yarinyar da ke tallan fura a kasuwar Illela tana lissafin canji da ka ba ta taɓa kuskure ba, wace jarrabawa ce za ta kai gare su?

Rami na biyu shi ne girman kai. Yaron da aka ce masa tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya shi dabam ne, in ba a yi hankali ba sai ya ɗauka shi ya ba kansa basirar, ya riƙa yi wa sauran mutane kallon daƙiƙai. Nan kuwa ya yi babban kuskure. Ba wanda ya zaɓi ƙwaƙwalwarsa, kamar yadda ba wanda ya zaɓi tsawonsa. Abin da mutum bai sha wuya ya samu ba, ba abin fahariya ba ne, ajiya ce aka ba shi, kuma za a tambaye shi yadda ya yi da ita.

Kun ga ke nan, ko an ƙyale haziƙi cikin aji ko an ware shi, maganar tana komawa wuri guda. Dole sai an sami mutum mai idon gane shi, mai ilmin da zai ƙosar da shi, mai halin da zai lanƙwasa shi tun yana ɗanye. Gini da jarrabawa ba su yin wannan aiki, sai malami.

Yadda mutanen da su ka yi

Wannan matsala ba yau ta fara ba, kuma mu mutanen Sakkwato ba sai mun ƙetare teku za mu ga yadda a ke warware ta ba. Ku dubi makarantar allo. Komi aibin da za a ɗora mata, tana da hikima guda wadda makarantar boko ta rasa. Kowane yaro da allonsa. Wanda ya riƙe karatunsa ya biya wa malam, ya wanke, a ɗora masa na gaba, ba ya jiran kowa. Wanda bai riƙe ba ya koma ya maimaita, ba wanda zai ja shi gaba da ƙarfi don shekara ta ƙare. Haka kuma a makarantar ilmi ta zaure, kowane ɗalibi da littafinsa, in kuwa ya ƙare abin da ke wurin malaminsa, malamin da kansa ya kan ce masa tashi ka tafi wurin wane, shi ya fi ni sanin wannan fanni.

Ta haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya yi karatunsa. Ya fara a hannun mahaifinsa, ya bi ta hannun 'yan'uwan iyayensa, sa'an nan ya tafi har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Daga baya Shehu ya saɓa wa Malam Jibrilu a wata mas'ala ta ilmi, ya kuwa rubuta hujjarsa, duk da haka bai daina girmama shi da ambaton alherinsa ba. Ƙanensa Abdullahi yana ɗan shekara goma sha uku aka danƙa shi ga Shehu, ya zama gwani a Larabci da shari'a, har ya rubuta littafi guda don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu. Da Shehu ya ga inda Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello su ka kai, sai ya riƙa umartar almajiransa su karanta littattafansu, yana nuna fannin da kowannensu ya fi ƙarfi. Ku lura da wannan hali da kyau, za mu komo gare shi.

Bai kuwa tsaya ga maza ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta sami irin karatun da 'yan'uwanta maza su ka samu, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da ya fi muhimmanci ga maganarmu shi ne abin da ta yi da baiwarta. Ta zaɓi mata masu hankali daga ƙauyuka, ta horar da su, ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malfa don a san ta, su kuma su ka riƙa kai karatu ga matan karkara waɗanda a ke kira 'Yan Taru. Watau haziƙar da aka karantar ta juyo ta zama mai horon malamai.

Iri ba na ci ba ne

Kowane manomi a ƙasar nan ya san cewa in an yi girbi, kafin a ɗaure dammuna a zuba a rumbu, a kan zaɓi zangarniyar da ta fi kowace tsawo da cika a ajiye ta waje ɗaya. Wannan ita ce iri. Komi tsananin bazara, ko tuwo ya yi wuya a gida, mai hankali ba ya kai ta turmi, don ya san wanda ya ci irinsa damina za ta iske shi da gona a share, hannu kuwa wofi.

Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, manufarta ke nan. A kan tsinci yaran da su ka fi hazaƙa a makarantun larduna, a horar da su shekara biyar, a maido su lardunansu su karantar. Daga nan Sakkwato Ahmadu Bello ya tafi a 1926, tafiyar wajen mako guda a ƙasa, ya komo a 1931 ya zama malami a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito daga can a 1933 ya koma Midil ta Bauci. Kwalejin ta tashi zuwa Kaduna a 1938, a can Shehu Shagari ya yi karatu, ya dawo ya karantar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, daga baya ya yi hedimasta a Argungu. A 1949 ta koma Zariya, ita ce a ke kira Barewa yau. Malam Aminu Kano, bayan ya komo daga ƙaro ilmin koyarwa a Ingila, ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya kuma karantar a makarantar horon malamai ta Maru, wadda a lokacin tana cikin Lardin Sakkwato. Ta wajen ilmin zaure kuma, Malam Junaidu ya karantar a Midil ta Sakkwato kafin ya zama Waziri a 1948. Ku yi tunanin yaron da ya zauna gaban irin waɗannan mutane. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Amma kada mu faɗi rabin labari. Yawancin waɗannan ba su daɗe a aji ba. Ahmadu Bello shekara uku ya yi, a 1934 aka naɗa shi Sarkin Raba. Aminu Kano ya ajiye alli a 1950 ya shiga siyasa. Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista, Shagari ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Ƙasa ta bukace su a wani wuri, ba kuwa za mu ce sun yi laifi ba, gama a lokacin masu ilmin boko a Arewa 'yan kaɗan ne, ayyuka kuwa da yawa. Sai dai tun daga nan wata al'ada ta kafu, aka riƙa ɗaukar malanta kamar zaure, inda mutum zai ɗan zauna kafin a yi masa iso zuwa cikin gida. Yau abin ya kai inda yaron da ya yi na ɗaya a aji, in ya ce malami ya ke so ya zama, sai dangi su taru suna ba shi baki. A 2024, mafi ƙarancin makin da aka yanka don shiga jami'a 140 ne cikin 400, na shiga kwalejin horon malamai kuwa 100. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna muku wace zangarniya mu ke kai wa turmi, wace kuma mu ke ajiyewa don shuka.

Hanyar da a ke bi

Wanda ya ke so ya shiga wannan aiki, ga hanyar. Matakin farko shi ne takardar NCE, karatun shekara uku bayan sakandare, a irin Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da ke nan Sakkwato, wadda ta faro a 1970. Ko kuwa mutum ya nemi digirin koyarwa na shekara huɗu a jami'a, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975. Wanda ya riga ya yi digiri a lissafi ko kimiyya ko harshe, ya kan ƙara difloma ta koyarwa a kai. Sa'an nan sai rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993.

Mai son ya ƙware a kan haziƙai musamman, sai ya nufi fannin da a ke kira ilmi na musamman. Akwai kwaleji guda ta Gwamnatin Tarayya a garin Oyo, tun 1977, wadda aikinta ke nan ɗungum, kuma tana da sashen koyon karantar da masu baiwa. Jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero ta Kano su ma suna da sashen ilmi na musamman, inda a kan yi digiri na farko har zuwa na gaba da shi.

Me a ke koya a can? Da fari, yadda a ke gane haziƙi, da jarrabawa da kuma lura, don kada a ruɗe shi da yaron da kawai ya sami gata a gida, ko mai saurin hadda ba fahimta. Sa'an nan hanyoyi biyu na ciyar da shi. Ɗaya ita ce a gaggauta masa, a tsallakar da shi aji ko a ba shi littafin gaba, irin yadda a ke yi a makarantar allo. Ɗayar kuwa a bar shi cikin sa'o'insa amma a zurfafa masa, in ana koyon yadda a ke yin abu shi a sa shi ya binciko dalilin da ya sa a ke yinsa haka. Kowace tana da wurinta, sanin wadda ta dace da wane yaro kuwa shi ne gwanintar. Har wa yau a kan koyi yadda za a yi wa yaro da iyayensa nasiha. Wanda ya sami wannan horo yana iya aiki a makarantun haziƙai da na kimiyya, ko ya zama mai tsara manhaja da jarrabawa, ko mai duba makarantu, ko mai horon malamai. Amma inda aka fi bukatarsa shi ne firamaren ƙauye, don a can ne haziƙan da ba wanda ya gani su ke.

Abin da takarda ba ta bayarwa

Duk da haka akwai abu guda wanda babu jami'ar da ke ba da takardar shaidarsa. Mai karantar da haziƙi dole ya yarda tun farko cewa wata rana yaron nan zai fi shi, watakila ma tun yana gabansa. Zai yi masa tambaya a gaban aji wadda bai san amsarta ba. A wannan lokaci hanya biyu ke gaban malam. Ko ya daka wa yaron tsawa ya ce ya cika surutu, ya tsare girmansa na yini guda, ya kashe wani abu a zuciyar yaron wanda ba lalle ya sake tsirowa ba. Ko kuwa ya ce, “Ban sani ba, amma zo mu nema tare.” Faɗin wannan kalma gaban yara arba'in ya fi cin jarrabawar digiri wuya, don ba da jahilci a ke kokawa a nan ba, da hassada a ke yi, ita kuwa hassada ta kan shiga zuciyar malami a sake, sanye da rigar horo.

Shi ya sa mu ka ce ku lura da halin Shehu sa'ad da ya ke tura mutane ga littattafan waɗanda shi ya karantar. Maƙeri ya kan yi murna in ɗansa ya ƙera abin da shi bai iya ba. Haka malami na ƙwarai, ribarsa ita ce a wuce shi. Haziƙi kuma nasa hakkin shi ne ya yi kamar yadda Shehu ya yi wa Malam Jibrilu, in ya ga kuskure ya faɗa da hujja da ladabi, ya kuma tuna ko ya kai ina, wani ne ya fara kama hannunsa ya nuna masa baƙi.

Gare ku

Ba za mu ruɗe ku ba. Albashin malami kaɗan ne, a wurare da yawa ba ya ma zuwa a kan kari, kuma abokinka da ku ka bar aji tare zai wuce ka a mota kana tafe a ƙasa. Wannan hakki ne a wuyan hukuma da jama'a, gama ba daidai ba ne a ce wa mutum ya tsare iri sa'an nan a bar shi da yunwa, kuma ba za mu daina faɗa ba sai an gyara. Ba kuma cewa mu ke yi kowane haziƙi ya zama malami ba, ƙasa tana bukatar likita da alƙali da injiniya. Abin da mu ke roƙo shi ne, cikin kowane goma da su ka yi fice, a sami ko guda da zai waiwayo, da zaɓinsa, ba don ya rasa wani abin yi ba.

Kai da ka ke na ɗaya a ajinku, ke da malamai ke yabo, ku tambayi kanku wa ya fara gane ku, kuma da bai gane ku ba yau kuna ina. Akwai wani yaro yanzu haka a Gwadabawa ko Tangaza ko Isa wanda ya fi ku basira, yana zaune a ƙarshen aji, an ɗauke shi ɗan tsokana. Ba mai gane shi sai wanda ya taɓa zama irinsa. Ku kuma da karatu ke yi wa nauyi, kada wannan magana ta karya muku zuciya, sannu ba ta hana zuwa, kuma sau da yawa mai naci ya kan iske mai baiwa a hanya yana barci ya wuce shi. Malamin da ya iya ƙosar da haziƙi shi ne dai zai iya haƙuri da ku, don duka biyun daga abu guda su ke fitowa, watau duban kowane yaro a kan kansa.

Allah ya ba mu malamai masu wadatar zuci, ya ba haziƙanmu tawali'u, ya sa abin da mu ka koya ya amfani na bayanmu, amin.